Hankali da tsoron Allah a bakin Bauchi

A Kasuwar Wunti, idan mai awo ya tauye mudu, abin da za a ce masa shi ne ya ji tsoron Allah. Yaron da ya katse wa dattijo magana kuwa, ba shi da hankali. Wanda ya ci bashi ya zo yana zare ido, marar kunya ne. Laifi uku ke nan, kowane da wanda ake kai ƙararsa gare shi: Ubangiji, tunanin mai laifin, da idon jama'a. Saboda haka tsohuwar muhawarar nan, ko addini ne tushen halin kirki ko hankali, tana shan wuya kafin ta zauna a Hausa.

Kalmar hankali ce ke jawo wuyar. Masu falsafa suna nufin tunani tsantsa mai auna hujja. Namu hankalin ya haɗa natsuwa da ladabi da sanin ya kamata. A hankali ake ɗaukar ƙwai, kuma yaro mai hankali shi ne wanda ya iya gaisuwa. A zauren malamai ma an ba hankali muƙami babba. Duk wanda ya karanta fiƙihun Malikiyya ya san shari'a ba ta hawa kan mutum sai ya zama baligi mai hankali. Malaman Mu'utazila sun ce hankali kaɗai na iya gane kyakkyawa da mummuna, Ash'ariyya suka ce sai da wahayi, kuma tafarkin Ash'ariyya malamanmu suka gada. Duk da haka, littafin Ummul Barahina na Sanusi da hukuncin hankali ya fara.

A 1974 aka buga nazarin Anthony Kirk-Greene kan mutumin kirki, inda ya lissafa halaye 10. Amana da adalci da ladabi da hikima daga Larabci suka zo, mutunci kuwa daga mutum aka cire shi. Abin da ya fi jan hankalina shi ne Bahaushe bai taɓa haɗe "mai addini" da "mutumin kirki" ba. Ana iya ce wa mutum na farko a hana shi na biyu, kuma ina ganin wannan rarrabewa gaskiya ce da bai kamata mu bari ta ɓace ba.

Malam Sa'adu Zungur ya san haka. Ɗan gidan malamai ne a nan Bauchi, ya yi karatun allo mai zurfi, ya je Kwalejin Yaba a Legas. A zauren tattaunawar Bauchi na 1943, inda Malam Aminu Kano da Abubakar Tafawa Ɓalewa suke zama, da hujja ya tuhumi mulkin En'e da Turawan da ke bayansa. A waƙoƙinsa kuma da Alƙur'ani da sunna ya yaƙi bidi'a da zalunci. Masu mulkin En'e da ya takura wa masallata ne, sahu ɗaya suke tsayuwa da shi, amma har ya rasu a 1958 bai karɓi sallarsu a madadin adalci ba.