Sammore da Gadon Jini a Ƙasar Bauchi

Tun zamanin Malam Yakubu, wanda ya kafa birnin Bauchi wajen 1809, ƙudan tsando, mai kawo wa shanu cutar sammore, ne ke shata wa makiyayi iyaka. Dazuzzukan Kogin Gaji, inda aka keɓe gandun Yankari a 1956, matattarar tsando ce, shi kuwa bunaji, farin san Fulani, ba ya jure sammore, ga kyau ga nono amma ba ƙarko. Muturu, ɗan guntun sa marar tozo, yana kiwo cikin tsando ya rayu. A ganina wannan juriya gado ce, ba dabarar kiwo ba.

Wani zai ce sabo ne kawai, dabbar da ta tashi cikin cuta dole ta saba. Akwai ƙamshin gaskiya, don yunwa da wahalar rani kan karya ko muturun. Sai dai a 1997 Stephen Kemp da abokan aikinsa a Nairobi sun auratar da ɓeraye masu juriya da marasa ita, waɗanda iyayensu ba su taɓa haɗuwa da tsando ba, suka gano wurare 3 a ƙwayoyin gado da ke tsawaita ran ɓeran da aka sa wa cutar.