Farar Riga da Idon Kyamara

Unguwar New Bell ta samo asali ne a shekarar 1914, lokacin da Jamusawa suka ƙwace filayen kabilar Duwala na bakin kogin Wuri, rikicin da ya kai ga rataye Rudolf Duala Manga Bell. Daga baya ta zama matattarar baƙi, ciki har da Hausawa fatake. A zamanin mulkin Faransa hoto ya shiga rayuwarsu ta hanyar takardar shaida, sannan ya bazu zuwa biki da suna da Sallah.

Kyamarar da ke auna wa kanta haske ta fara fitowa a 1938 daga kamfanin Kodak, amma sai daga baya ta yi araha. Canonet ta fito a 1961, Yashica Electro 35 kuma a 1966. Dukansu na jinsin da ake saita nisa ta hanyar haɗa siffofi biyu a cikin tagar leƙe har su zama ɗaya. Ita Electro 35, mai ɗauka yana zaɓar faɗin ƙofar haske ne kawai, tsawon lokacin buɗewa kuwa na'ura ce ke yankewa, ba a ba shi ta cewa ba.

A nan gizo ke saƙa. An gina ma'aunin ne bisa zaton cewa duk abin da ke gabansa, in aka gauraya, toka-toka ne. To, a tsayar da dattijo baƙin mutum cikin farar babbar riga da rawani, da hantsi, ranar Idi. Farin zai ruɗi ma'aunin ya rage haske, rigar ta fito da duhu-duhu, fuskar kuwa ta nutse, a rasa gane mai ita. Ga wanda ya biya kuɗi domin ya aika hoto gida Kano ko Garwa, wannan asara ce.

Maganin kuwa wayo ne: a yi wa kyamarar ƙarya. Fim mai ASA 100, sai a juya alamar zuwa 50. Na'urar za ta ɗauka fim ɗin rarrauna ne, ta ninka hasken da take shigarwa, fuska ta bayyana. A ganina, sanin lokacin yin wannan ƙarya shi ya raba gwani da ɗan koyo.

Wata matsalar ta biyo baya. Canonet QL17 GIII ta 1972 an ƙera ta ne don batirin zaiba mai volt 1.35, wanda ƙarfinsa ba ya sauyawa har ya ƙare. Da aka hana irinsa saboda guba, a Amurka da dokar 1996, sai aka koma na volt 1.5, ma'auni ya soma ƙarya da kansa. Masu gyara suka riƙa sa batirin na'urar taimakon ji, ko su liƙa ƙaramin diyod da ke rage ƙarfin. Ita Electro 35, wata 'yar roba ce a cikinta take ruɓewa da tsufa, sai an buɗe an sauya ta kafin ta sake yanke lokaci daidai.