Auna komawar masu taɓin hankali bakin aiki: Me ya sa fassara kaɗai ba ta isa ba?

A lokacin da mai fama da taɓin hankali ya samu sauƙi aka sallame shi daga asibiti, tambayar da iyalinsa suka fi yi ita ce ko zai iya komawa gona, ko kasuwa, ko ofis.

Likitoci a ƙasashe da dama kan nemi amsar ne ta hanyar wasu jerin tambayoyi da aka tsara musamman, inda ake bai wa kowace amsa maki, sannan a haɗa jimilla. Akasarin waɗannan ma'aunai dai da Turanci aka rubuta su, a Turai ko Amurka, kuma da ma'aikacin da ke karɓar albashi a ƙarshen wata a zuciyar waɗanda suka tsara su.

Kafin a yi amfani da irinsu a wuri kamar ƙaramar hukumar Buji ta jihar Jigawa, wajibi ne a fassara su zuwa Hausa, sannan a gwada su a kan jama'ar wurin domin a tabbatar suna auna abin da aka ce suna aunawa. Kashi na biyun ne ya fi wuya, kuma shi aka fi tsallakewa.

Girman matsalar

A shekarar 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, sun ƙiyasta cewar ana asarar ranakun aiki miliyan dubu 12 a kowace shekara saboda ciwon damuwa da na fargaba, abin da ke ci wa tattalin arzikin duniya kusan dala tiriliyan ɗaya. Sun kuma ce a shekarar 2019 kimanin kashi 15 cikin ɗari na manyan da suka isa aiki na fama da wani nau'i na larurar ƙwaƙwalwa.

A Nijeriya sakamakon irin wannan awo yana iya shafar haƙƙin mutum kai tsaye. Dokar hana nuna bambanci ga naƙasassu, wadda aka sanya wa hannu a watan Janairun 2019, ta tanadi cewar hukumomin gwamnati su ware aƙalla kashi 5 cikin ɗari na guraben aiki ga masu naƙasa. A watan Janairun 2023 kuma aka sanar da cewar shugaba Muhammadu Buhari ya rattaba hannu a kan dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 da aka gada daga Turawan mulkin mallaka. Ita kanta Jigawa ta fara biyan naƙasassu alawus na Naira 7,000 a wata a shekarar 2007, zamanin gwamna Sule Lamido.

Duk inda za a yanke hukunci kan wanda zai iya aiki da wanda ba zai iya ba, akwai buƙatar ma'aunin da za a dogara da shi. Idan ma'aunin ya karkata, to ko dai a hana mai iyawa aiki, ko a ɗora wa marar lafiya nauyin da zai mayar da shi asibiti.

Ma'aunan da aka fi sani

Wanda ya fi yaɗuwa shi ne WHODAS 2.0, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da littafin jagoransa a shekarar 2010, bayan an gwada shi a ƙasashe 19. Yana da dogon tsari mai tambayoyi 36 da gajere mai 12, kuma ya shafi fannoni shida: fahimta, zirga-zirga, kula da kai, mu'amala da mutane, ayyukan gida da na neman abinci, da kuma shiga harkokin jama'a. Ana tambayar mutum ne irin wahalar da ya sha a cikin kwanaki 30 da suka gabata.

Akwai kuma WSAS mai tambayoyi biyar kacal, wanda aka wallafa gwajinsa a 2002, inda mutum ke zaɓar lamba daga sifili zuwa takwas. Sai ma'aunin Sheehan mai tambayoyi uku, a kan aiki da zamantakewa da harkokin iyali. Wannan na ƙarshe yana cikin kundin tambayoyin da aka yi amfani da shi a babban binciken lafiyar ƙwaƙwalwa da Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan ya jagoranta a farkon shekarun 2000, a jihohi 21, da harsunan Yarbanci da Igbo da Hausa da kuma Efik.

Yadda ake fassarawa

Ƙa'idar da masu bincike suka fi bi ita ce wadda Dorcas Beaton ta ƙasar Kanada da abokan aikinta suka wallafa a shekarar 2000.

Mutum biyu ne za su fassara takardar zuwa Hausa, kowa shi kaɗai. Ɗaya ya san fannin lafiya, ɗaya kuma bai sani ba, domin a samu Hausar da talaka ke ji. Za a haɗa fassarorin biyu su zama ɗaya, sannan a miƙa wa wasu mutum biyu da ba su taɓa ganin ta asali ba su mayar da ita Turanci. Daga nan kwamitin masana ya zauna ya kwatanta, ya gano inda ma'ana ta zame. A ƙarshe a gwada a kan mutane 30 zuwa 40, ana tambayar kowa abin da ya fahimta da kowace tambaya.

Wannan hanya ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Masu bincike a sashen gashin ƙashi na Jami'ar Bayero da ke Kano sun bi ta wajen fassara ma'aunin Oswestry na ciwon baya, wanda aka wallafa a 2019, da kuma SF-12 mai auna ingancin rayuwa, a 2020, wanda suka gwada a kan mutanen birni da na karkara. Sai dai ciwon baya ba abin ɓoyo ba ne, kuma ba ya hana a ba mutum aure.

Mene ne aiki a Buji?

Buji, wadda hedkwatarta ke Gantsa, tana cikin masarautar Dutse, kuma ƙidayar 2006 ta nuna tana da mutane kusan dubu ɗari. Mafi yawansu manoma ne da makiyaya. Ana noman gero da dawa da gyaɗa da wake da riɗi, kuma ma'aikatan albashi ba su wuce malaman makaranta da ma'aikatan lafiya da na sakatariyar ƙaramar hukuma ba.

Matsala ta farko tana cikin kalmar kanta. Idan aka tambayi matashi ko yana da aiki, sau da yawa zai ce ba shi da shi, alhali tun asuba yake gona, domin a wurinsa aiki shi ne na gwamnati ko na kamfani. Abin da yake yi noma ne, ko sana'a, ko ƙwadago, ko buga-buga. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, saboda a dogon tsarin WHODAS akwai tambayoyi huɗu da ake yi kawai ga wanda ke aiki ko karatu. Littafin jagoran ya haɗa da aikin da ba a biya da kuma sana'ar kai, amma idan fassarar ba ta fito da hakan ba, mai tambaya zai tsallake sashen da ya fi muhimmanci.

Lamarin ya fi tsanani ga mata. Matar da ke cikin kulle tana iya yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ko dama fura, ko saƙar faifai, yara na kai talla, amma ta amsa cewar ba ta aikin komai. Masaniyar nan 'yar Ingila, Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina a shekarun 1960, ta yi rubutu a kan wannan ciniki na cikin gida da ba ya fitowa fili. Ga irin wannan mata, alamar samun sauƙi ita ce ranar da ta koma ɗora tukunyar sana'arta, kuma maƙwabta suka koma saye.

Abin mamaki ma, a cikin misalan abubuwan shaƙatawa da WSAS ya bayar akwai aikin lambu da ɗinki. A Ingila nishaɗi ne. A Jigawa lambu da ɗinkin hula hanyar cin abinci ne, saboda haka fassara ta kalma da kalma za ta kai amsar aiki ƙarƙashin tambayar hutu.

Sai batun lokaci. Kwanaki 30 na watan Agusta, lokacin da ake tsakiyar noma, ba ɗaya suke da kwanaki 30 na watan Maris ba, lokacin da gonaki ke a bushe kuma matasa da dama sun tafi cin rani. Mutumin da aka auna da rani zai iya cewa bai sha wahalar aiki ba, don kuwa babu aikin. Haka nan watan azumi yakan sauya barci da ƙarfin jiki da lokutan aiki ga kowa da kowa, mai lafiya da marar lafiya.

A gidan da ake noman gandu kuma, 'yan'uwa kan rufa wa wanda ya gaza asiri. Hatsi zai shiga rumbu ko da hannunsa bai taɓa fartanya ba, don haka yawan amfanin gona ba ya nuna iyawar mutum ɗaya.

Amsa da kunya

Ko da tambaya ta fito daidai, akwai sauran aiki a wajen amsa. WHODAS yana da matakai biyar, daga babu wahala zuwa matsananciyar wahala. Bahaushe mai tawakkali kuwa idan aka tambaye shi jiki, abin da zai ce shi ne da sauƙi, ko alhamdu lillahi, ko da yana kwance. Magidanci ba ya son ya faɗa wa baƙo cewar ya kasa ciyar da iyalinsa, balle a gaban surukinsa ko ƙaninsa da ya rako shi.

Kalmar da aka zaɓa wa ciwon ma tana iya rufe bakin mutum. Hauka kalma ce mai nauyi, kuma wanda ya yi imanin cewar iska ce ko sammu ke damunsa ba lallai ne ya danganta gazawarsa da rashin lafiya ba, alhali tambayoyin suna neman wahalar da ta samo asali daga rashin lafiya ne. Da yawa daga dattawan karkara sun fi karanta ajami a kan boko, wasu kuma Fulatanci ne harshensu na gida, abin da ke nufin karanta musu za a yi, kuma muryar mai karantawa na iya jan amsa.

Gwajin inganci

Bayan fassara, ana gwada takardar a kan mutane masu yawa, galibi sama da ɗari.

Abu na farko da ake dubawa shi ne ko tambayoyin suna tafiya tare. Ana amfani da wani lissafi da Ba'amurke Lee Cronbach ya fito da shi a 1951, wanda ke kaiwa har zuwa ɗaya, kuma an fi amincewa da 0.7 ko sama. Na biyu, a sake auna mutanen nan bayan mako ɗaya ko biyu, a ga ko makin zai tsaya inda yake idan jikinsu bai sauya ba.

Na uku shi ne ko ma'aunin na iya bambance mai tsananin ciwo da wanda ya samu sauƙi, da kuma ko makin yana sauka bayan watanni ana shan magani. Ma'auni na iya cin gwaji na farko da na biyu ya faɗi na uku, kamar mudun da kullum yake ba da awo iri ɗaya amma bai cika ba.

Abin da aka yi a Habasha

Misali mafi kusa da yanayin Buji ya fito ne daga yankin Butajira na karkarar Habasha. A can Kassahun Habtamu da abokan aikinsa na Jami'ar Addis Ababa sun gwada fassarar WHODAS ta harshen Amharik a kan masu tsananin taɓin hankali, suka wallafa sakamakon a 2017. Kafin nan, a 2016, sun fito da nasu ma'aunin na gida, bayan sun zauna da marasa lafiya da iyalansu da sauran jama'a sun ji irin ayyukan da ake sa ran baligi ya yi a yankin. Ma'aunin yana da ƙarin tambayoyi na mata kaɗai.

Dabarar ta yi kama da wadda Paul Bolton da Alice Tang suka bayyana a 2002, bayan aikin da aka yi a Ruwanda da Yuganda, wato a fara tambayar mutanen gari abin da namiji da mace ke yi wa kansu da iyalinsu da al'ummarsu, sannan a gina tambayoyi a kai. Illar wannan hanya ita ce ba a iya kwatanta makin wani yanki da na wani, shi ya sa wasu masu binciken kan yi amfani da ma'aunin gida da na duniya a tare.

A Jigawa, asibitin masu taɓin hankali na jihar yana Kazaure ne, can arewa maso yamma, nesa da Gantsa. Babbar cibiyar lafiya ta tarayya da ke Birnin Kudu da asibitin Rasheed Shekoni na Dutse sun fi kusa, amma wanda zai riƙa ganin marar lafiya wata bayan wata shi ne ma'aikacin ƙaramin asibitin ƙauye, mai layin jama'a a ƙofarsa. Dogon tsarin WHODAS yakan ɗauki kimanin minti 20, gajeren kuma minti biyar. Akwai kuma wani tsari da aka ware domin ɗan'uwa ko mai jinya ya amsa a madadin marar lafiya, wanda shi ma sai an fassara shi an gwada shi daban.