Dokar Bariki da Shari'ar Waya

A watan Janairun 2025 jaridun Najeriya suka ba da labarin cewa sababbin ƙa'idojin aikin soja, waɗanda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a Disamban 2024, sun haramta wa soja luwaɗi da maɗigo da yin shigar jinsin da ba nasa ba, har da zanen jiki. Ba a jima ba labarin ya tsallako iyaka, ya shigo wayoyinmu a nan Briqueterie ta Yawunde. Mu da aikinmu shi ne rubuta abin da ake kawowa zauren manya, mun bi sharhin da aka yi ta yi a Facebook da WhatsApp.

Da yawa sun ɗauka sabon abu ne, alhali Dokar Sojojin Najeriya ta daɗe da hukunta luwaɗi. A Kamaru kuwa dokar ƙasa ta haɗa soja da farar hula tun 1972, zamanin Ahmadu Ahijo: ɗaurin wata 6 zuwa shekara 5, da tarar sefa 20,000 zuwa 200,000. Kundin 2016 ya bar ta a sashe na 347-1. Amurka, wadda masu sharhi ke yawan ambata, ta bi wata hanya. A 1993 Bill Clinton ya kawo tsarin kada a tambayi soja, shi ma kada ya faɗa, amma duk da haka an sallami sama da 13,000 kafin a soke tsarin a Satumban 2011.

Abin da ya tsaya mana a rai shi ne yadda sharhin ke gangarowa. Mutum na farko ya yaba wa doka, na biyu ya zagi Turawa, na uku sai ya fara nuni da wane, ɗan gidan wane, da ke cikin kaki. Hukuncin addini kan wannan aiki ba ɓoyayye ba ne, kowane almajiri ya san shi. Sai dai malaman da suka karantar da mu shi, su ne suka karantar da mu babin ƙazafi: wanda ya jefi mutum da wannan laifi bai kawo shaidu huɗu ba, bulala 80 ce hakkinsa. Suratul Hujurati kuma ta hana bin diddigin asirin mutane. Soja ɗan unguwa da aka ambata a saƙon murya yana iya rasa aiki da aure, ƙannensa mata su rasa manema, ba tare da an taɓa tsayar da shi gaban kowa ba.

Yawunde ta taɓa ganin irin wannan. Bayan huɗubar Kirsimeti ta 2005 da Akbishop Victor Tonye Bakot ya yi, jaridu uku, La Météo da Nouvelle Afrique da L'Anecdote, suka buga jerin sunayen manyan mutane a farkon 2006, wai 'yan luwaɗi ne. Aka yi ta wawason jaridun, wanda bai samu ba ya sayi hoton shafin. Minista Grégoire Owona, wanda sunansa ya fito, ya kai ƙara. Kotu ta nemi hujja daga mai L'Anecdote, Jean-Pierre Amougou Belinga, bai kawo abin da ya gamsar da ita ba, aka yanke masa ɗaurin wata 4 a watan Maris na shekarar.