Daga zangon ayari zuwa tashar mota a Damargu

Yau hirarmu a kan hanya take, da wurin da matafiyi yake saukewa.

Ku da ke Tanut da Balbeji da Gangara, kun ji tsofaffi suna cewa Damargu rumbun Abzin ce. Dalili kuwa shi ne, duwatsun Abzin ba su ba da hatsin da zai ci da mutanensu. Saboda haka da kaka ta yi, sai Abzinawa su sauko da raƙuma su ɗauki hatsi. Wani su ci, wani su kai Bilma da Fashi su musanya da gishiri da dabino. Kantun gishirin nan ya sake biyowa ta Damargu, ya wuce Damagaram har Kano. A watan Janairu na 1851 Baturen nan na Jamus, Barth, ya iso Damargu tare da ayarin gishiri. A nan ne ya rabu da abokan tafiyarsa biyu, ɗaya ya nufi Damagaram, ɗaya Maraɗi da Gobir, shi kuwa ya yi Katsina da Kano.

To, ku lura da zango. Ayari ba ya sauka inda ya ga dama. Sai wurin da ke da rijiya da kiwo, a gefen gari, ba a bakin ƙofofin mutane ba. Madugu ya san wurin, masu gari sun san lokaci. Mata su kawo fura da tuwo, manoma su kawo hatsi da harawa, dillalai su shiga tsakani. In ayari ya tashi, ya bar taki a gona. Ba fetur, ba hayaƙi. Abin da raƙumi ya ci a ƙasar, a ƙasar yake barinsa. Amma kada mu yi wa zamanin nan kwalliya: akwai bayi cikin kayan fatauci, akwai mahara. A 1901 an fāɗa wa babban ayarin Tarabulus a Farak, arewa da Tanut, aka washe dukiya mai yawa.

Abin da ya karya fataucin Sahara ba mahara ba ne kaɗai. Turawan Faransa sun kama Damagaram a 1899, suna ƙwatar raƙuma don aikin soja. A 1911 layin dogo ya iso Kano, kayan Turai suka koma shigowa ta teku da araha. Fari na 1973 da na 1984 suka hallaka dabbobi, manyan motoci suka amshe lodi.

Yanzu hanyar Damagaram zuwa Agadas, wadda ta ratsa Tanut, wani yanki ce ta babbar hanyar Aljas zuwa Legas. Mota na yin cikin yini guda abin da raƙumi ke yi cikin makonni, kuma mara lafiya ya fi kowa sanin amfaninta. Sai dai mota ba ta bukatar rijiyarku. In ba tasha mai inuwa da ruwa da wurin sauke kaya, direba wucewa zai yi, ko ya tsaya a tsakiyar kasuwa, ya tare amalanken da ya ɗauko buhunan hatsi daga ƙauye. Amalanken nan da jaki da raƙumi su ne har gobe ke kai kaya inda kwalta ba ta je ba, su ma suna bukatar filinsu ranar kasuwa.