Yadda "Labari" Ya Manta Cewa Jam'i Ne

Wannan makon za mu bi sawun kalmar da muka fi kowa amfani da ita: labari.

Asalinta "al-akhbar", jam'in "khabar" a Larabci. Bahaushe ya haɗiye "al" ɗin tare da sunan, ya ɗauke shi tilo, sannan ya sake yi masa jam'i: labarai. Haka "al-kitab" ya koma littafi, "al-imam" liman, "al-ƙadi" alƙali. Wasulan ƙarshe da Balarabe ke sauyawa, kitabun, kitaban, kitabin, duk a zauren malam muka baro su.

Kuma ba don rashin masana ba ne. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo na Gwandu, wanda masarautarsa ke da fada a Birnin Kebbi yau, ya rubuta al-Bahrul Muhiɗ kan nahawu da al-Hisnur Rasin kan sarfu kafin rasuwarsa a 1829. Malamai sun riƙe ƙa'idar Larabci, bakin jama'a kuma ya bi ƙa'idar Hausa.

Turai ma haka ta faru. Sunan Latin yakan sauya ƙarshe har gida shida, gwargwadon aikinsa a jimla. Daular Rum ta yamma ta faɗi a 476, malaman coci suka ci gaba da rubuta gidajen shida, talakawa kuwa galibi suka riƙe siffar karɓau. Dare "nox" ne in shi ke aiki, "noctem" in an yi aiki a kansa. Daga na biyun Italiyanci ya sami "notte", Sifaniyanci "noche", Faransanci "nuit". "Folia" kuwa ganyaye ne, amma jikarta "feuille" ganye ɗaya ce a Faransa. Tagwayen labari ke nan. Har "alcalde", magajin gari a Sifen, ɗan'uwan alƙalinmu ne.

To mu dawo gida. "Riga ta Bello" ce ta zama rigar Bello a Kano, rigab Bello a bakin mutanen Argungu da Sakkwato. Uwa ɗaya, kowa da kamarsa.

Da yawanmu kan sa masuncin Matan Fada ya yi Kananci a cikin labari, don tsoron a ce ba mu iya Hausa ba. Daidaitacciyar Hausa tana da muhallinta, mu ƙware a kanta. Amma in muka goge bakin Kabawa daga rubutunmu, mun goge shaidar tarihin harshen, kuma ba wanda zai zo ya rubuta mana ita.

Aikinmu na mako: kowa ya kawo sunaye biyar na aro, ya faɗi asalinsu da jam'insu a garinsu. Allah ya ƙara basira.