Lanƙwasar Baƙi: Tarihin Zaɓen Haruffa a Rubutun Hausa

Yaron da ya tashi a Rawayau, cikin ƙasar Kurfi, yakan sadu da rubutu iri biyu tun bai mallaki hankalinsa ba. Da asuba ya ga baƙaƙen da malam ya rubuta masa a allo da tawada da alƙalamin kara, da hantsi kuma ya tarad da waɗansu baƙaƙen a allon makarantar firamare. In Allah ya ja kwanansa har ya shiga Kwalejin Isa Kaita ko Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, sai ya iske iri na uku a gilashin kwamfuta. Kowane ɗaya daga cikin ukun nan wani ne ya zauna ya zaɓi siffarsa, kuma zaɓin yana da tarihi.

Malaman ajami sun gaji hannun rubutu na Magrib tare da ƙira'ar Warshu, watau fa da ɗigo a ƙasa, ƙaf da ɗigo guda a sama. A Kano hannun ya yi kauri, ya yi gwaɓi, yadda almajiri zai iya karanta shi ko da hasken wutar kara ne a tsangaya. Da suka zo rubuta Hausa, sai suka tarad da sautukan da Larabci ba shi da su, suka yi musu dabara. Ƙaf suka ba sautin ƙ, suka bar kaf lasan ga k. Ɗa mai hannu ya ɗauki sautin ɗ, aka ɗora masa ɗigo uku ya zama tsa. Ɗigon imala na Warshu kuwa shi ya zama wasalin e. Abin lura a nan shi ne, malaman nan sun ji bambancin k da ƙ a kunnensu, sun kuma rubuta shi, tun Turawa ba su san da shi ba.

Bature ɗan mishan J. F. Schön, wanda ya buga nahawun Hausa a 1862 da ƙamus a 1876, bai rarrabe waɗannan sautuka ba. Waɗanda suka biyo bayansa suka yi ta laluben hanya: wani ya sa ɗigo ƙarƙashin baƙi, wani ya rataya masa waƙafi a sama. Hans Vischer, Ɗan Hausa, wanda ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano a 1909, ya fito da ƙa'idojin rubutun boko a 1912. Amma maganar ba ta zauna ba sai a shekarun 1930, zamanin Hukumar Fassara, wadda aka kafa a Kano a 1929, daga bisani ta koma Zariya ta zama Hukumar Talifi a hannun Dokta R. M. East. A lokacin ne aka ɗauki baƙaƙe masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, bisa tsarin da Cibiyar Nazarin Harsunan Afirka ta Landan ta ba da shawara a kai. Dalilin mai sauƙi ne. Ɗigo yakan ɓace in tawada ta yi ƙaranci, mai rubutu da hannu kuma yakan manta da shi, amma lanƙwasa jikin baƙin take, ba ta rabuwa da shi.

Zaɓen siffa abu ɗaya ne, samun ta a ƙarfe kuma wani abu ne dabam. A wancan zamani kowane baƙi sai an zuba shi da darma, babba da ƙarami, a kowane girma. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Janairun 1939, da Kamfanin Gaskiya da aka kafa a Zariya a 1945, su suka saba wa idon jama'a da baƙaƙen nan. A ofisoshin En'e da na gwamnati kuwa labarin ya sha bamban, domin tafiretocin da ake sayowa na Ingilishi ne. Akawu mai kula yakan gama bugu, sa'an nan ya bi takardar da biro yana ƙara lanƙwasa ɗaya bayan ɗaya. Wanda bai kula ba sai ya bar kura da ƙura, da fada da faɗa, da baki da baƙi, duk a tukunya ɗaya. Ta haka ne Ƙanƙara ta zama Kankara a taswira da takardun hukuma, har yau kuwa ba ta dawo da lanƙwasarta ba.

A shekarun 1980 Cibiyar Harsuna ta Ƙasa ta nemi a yi jerin baƙaƙe guda da zai wadaci harsunan Nijeriya, aka sa hannun mashahurin mai zanen haruffa na Jamus, Hermann Zapf. Aikin ya yi kyau, sai dai ya zo daidai lokacin da tafireta ke shirin ba kwamfuta wuri. Ita kuwa kwamfuta da tsarin ASCII ta zo, mai gurbi 128 kacal, ba ko ɗaya na Hausa. Tsarin Unicode na 1991 shi ya ba kowane baƙi lambarsa, har da ƴ wanda ake rubutawa a Jamhuriyar Nijar inda Nijeriya ke rubuta 'y.

Samun lamba bai sa kowane mai zane ya zana baƙin ba, kuma nan ne matsalar mai shirya shafin intanet take. Yakan ga salon haruffa ya ba shi sha'awa, ya ɗora shi a shafi, sai ƙ ta fito kamar ɗan akwati fanko, ko kuma na'ura ta aro ta daga wani salon, ta tsaya tsakiyar kalma kamar facin atamfa a jikin shadda. Salon Noto na kamfanin Google, da Charis da Andika na ƙungiyar SIL, suna da baƙaƙen Hausa cikakku. Ita SIL ɗin har ta fito da salon ajami mai suna Alkalami a 2017, wanda aka zana bisa kwaikwayon hannun Kano.

Masu rubuta umurnin kwamfuta su kuma damuwarsu ta yi kama da ta East fiye da yadda suke zato. Sun fi son haruffa masu faɗi ɗaya, irin na tafireta, waɗanda sifiri ba ya kama da babban O, lamba 1 ba ta kama da ƙaramin l, domin kuskuren baƙi guda ya isa ya tsai da aiki duka. Shi ya sa ake ratsa sifiri da layi ko a sa masa ɗigo a ciki. Ɗalibin Dutsin-Ma da ke shirya manhajar da za ta riƙe sunayen mutanen Ɗanmusa da Ɓatagarawa yana da gwaji biyu a gabansa kafin ya zaɓi salo: ya buga sifiri kusa da O, sa'an nan ya buga Ɓ, Ɗ da Ƙ manya, domin sau da yawa manyan ne masu zane suke mantawa da su.